Me ya sa kotun Damagaram ba ta yi kama da ta Daura ba? Amsa kan yadda ƙasashe ke tsara kotunansu

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, tambayarka ta iso. Ka ce kana fatauci tsakanin nan Damagaram da Kano, kana da abokin ciniki a Daura wanda rigimar gado ta haɗa shi da ƴan uwansa, suka je gaban alƙalin kotun shari'a, da Hausa aka yi komi aka gama, ku kuwa rigimar gonarku ta wajen Mirriya ta bi ta gun mai gari ta bi ta gun sarki yanzu tana tiribinal inda ake magana da Faransanci sai an sa tafinta, sannan kana gani a finafinan Amurka wasu mutum 12 ne ma ke cewa wane ya yi laifi ko bai yi ba. Kana so ka san yadda kowace ƙasa ta tsara kotunanta, da kuma tsarin wa ya fi. Toh bari in faɗa maka abun da na sani, dan na daɗe ina riƙe rajista a ɗakin shari'a kafin in koma koyar da doka.

Batun wa ya fi, tun yanzu ka san inda na tsaya. Ni ba na auna ƙasa da sunayen kotunanta ko girman ginin kotun ƙolinta. Abu biyu nake dubawa, kotun farko wadda talaka ke fara takawa tana kusa da shi kuma yana jin abun da ake faɗa a ciki? sannan wa ke riƙe da abincin alƙali, wa ya naɗa shi, wa ke iya ɗauke shi daga kujerar in ya yanke abun da bai yi wa manya daɗi ba.

Asalin bambancinmu da Daura ba komi bane illa Turawan da suka zo wa kowa. Kafin zuwansu alƙalin Damagaram da na Daura da na Kano duk littattafan Malikiyya suke buɗewa, mai ƙara ya kawo hujja, wanda ya musa ya yi rantsuwa, manyan laifuka kuma a kai fada. Da Ingilishi suka ci Arewacin Najeriya ba su da isassun mutanen da za su zuba ko'ina, sai suka bar alƙalai da kotunan sarakuna inda suka same su, suka hana yanke hannu da makamantansa, suka ɗora razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, yana dubawa daga sama. Sai tsakanin 1967 da 1968 aka soke kotunan sarakuna, na alƙalai kuma gwamnati ta karɓe su daga hannun En'e, amma kujerar alƙalin ba ta taɓa mutuwa ba. Mu nan Faransawa sun shigo Damagaram a 1899, a 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, kuma salonsu daban ne, kwamanda shi da kansa ke zama kan kujerar shari'a, malamai da dattawa su zauna gefensa su gaya mishi abun da al'ada ta ce. A 1946 aka ce laifuka duka da dokar Faransa za a hukunta su. Da muka samu ƴancin kai dokar 1962 ta tsara kotunanmu a kan wannan tubali, aka sake ta a 2004, aka kuma sakewa a 2018, amma har gobe in ka shiga zaman shari'ar al'ada wancan zaman na da za ka gani, alƙalin gwamnati a tsakiya, masana al'ada a gefe.

Shi kansa alƙalin ba hanya ɗaya ake samo shi ba. A Faransa da ƙasashen da suka gaje ta, mu da Mali da Sanagal da sauransu, alƙalanci aiki ne da ake shiga tun ana saurayi, yaro ya gama karatun doka a jami'a, ya ci kwankur, ya shiga makarantar horar da alƙalai, ta Faransa tana Bordo tamu tana Yamai, ya fito ma'aikacin gwamnati a tura shi Gure ko Tanut ya fara, yana hawa a hankali har ya tsufa a ciki. Abun da yake dubawa rubutacciyar doka ce mai lamba-lamba, irin kundin da aka haɗa a zamanin Napoliyon a 1804, dan haka hukuncinsa gajere ne, ga abun da ya faru, ga abun da aya kaza ta ce, shikenan, kuma in alƙalai uku ne suka zauna ba za ka taɓa sanin wanda ya yarda da wanda bai yarda ba, sirri ne. A Ingila da Najeriya da Amurka kuwa sai mutum ya sha aikin lauya tukunna a ɗauko shi. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce sai ka shekara 10 da zama lauya kafin a ba ka babbar kotu, 12 kotun ɗaukaka ƙara, 15 kotun ƙoli. Kuma a can hukuncin da babbar kotu ta yanke jiya doka ne a kan ƙaramar kotu yau, shi ya sa kake ganin lauyoyinsu da tulin littattafai suna cewa a shari'ar wane da wane an ce kaza, alƙalin da bai yarda da ƴan uwansa ba ma yana rubuta nasa ra'ayin da sunansa kowa ya karanta.

A shari'ar laifi bambancin ya fi fitowa fili. A tsarin Ingilishi alƙali kamar alƙalin kokowa yake, ba ya kama kowa, lauyan gwamnati da lauyan wanda ake tuhuma su ke fafatawa, su kawo shaidu, su titsiye shaidun juna da tambayoyi, shi yana kallo yana hana maguɗi. A namu kuwa alƙali shi ke neman gaskiyar da kansa. In jandarma ko ƴan sanda suka kama mutum, a laifukan yau da kullum awa 48 suke da ita, ana iya ƙara musu sau ɗaya, sannan su miƙa shi ga mai gabatar da ƙara na gwamnati. In laifin babba ne sai a ba alƙalin bincike dosiye, wato takardun ƙarar, shi ba ya yanke hukunci, aikinsa ya tara abun da ke nuna mutum ya yi da kuma abun da ke nuna bai yi ba. A takarda wannan tsari ya fi tausayin talaka, dan ko ba ka da kuɗin lauya akwai wanda doka ta ɗora wa neman abun da zai wanke ka. Amma wallahi nan ne ciwonmu yake, alƙalin bincike ɗaya dosiye sun yi mishi yawa, mutum yana gidan kaso yana jira, watanni suna wucewa, wani har ya yi zaman da ya wuce abun da za a yanke mishi in ma an same shi da laifin. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, kuma ba laifin tsarin bane, ƙarancin alƙalai ne da kayan aiki.

Yanzu bari mu bi gonarku hawa-hawa. Ba ɓata muku lokaci aka yi ba da aka ce ku fara da mai gari, dokar karkara ta 1993 ce ta ce rigimar gona dole a fara gwada sulhu gun sarakunan gargajiya kafin a je kotu. Sai dai ka riƙe wannan da kyau, mai gari da sarki sulhu doka ta ba su, ba hukunci ba. In an shirya a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu, kuma ana iya kai ta gun alƙali ya buga mata hatimin zartarwa ta zama tana da ƙarfi, in ba a shirya ba a rubuta cewa ba a shirya ba, da wannan takardar ake shiga kotu. Mutanenmu da yawa nan suke faɗuwa, a yi sulhu da baki a sha hannu a yi fatiha a watse, bayan dattawan da suka halarta sun rasu jikoki su taso da maganar sabuwa fil. Duk abun da kuka samu a ƙarshe ku kai shi hukumar filaye da ake kira Kofo a rubuta. Kotun farko tana manyan garuruwan gundumomi irin su Mirriya, Magariya, Matamaye, sama da ita akwai babbar kotu, guda 10 ne a ƙasar, ɗaya tana nan cikin gari.

Su wa ke gefen alƙalin? Dokarmu ta ce maganar aure, saki, gado, kyauta, wasiyya da gonar da ba ta da takardar mallaka, da al'adar masu shari'ar ake hukunta su, muddin ba ta ci karo da dokar ƙasa da yarjejeniyoyin da ƙasa ta sa wa hannu ba. Toh al'adar Bahaushe ko Babarbare musulmi a rabon gado ai fiƙihun Malikiyya ce, shi ya sa ake zaunar da masana biyu, galibi malamai, su gaya wa alƙali rabon kowa. Kaga kenan gadon abokinka na Daura da gadon mutumin unguwar Birni ko Zango a nan Damagaram kusan lissafi ɗaya ake yi musu. Bambancin shi ne a Daura malamin shi ne alƙalin, a nan kuwa shawara kawai yake bayarwa, alƙali na iya ɗauka yana iya bari. An sha ƙoƙarin rubuta dokar iyali guda ɗaya ga ƙasar, har da yunƙurin 2011, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka bar abun yadda yake.

Abun da ya fi damuna a ɗakin nan harshe ne. A wata kotu da na yi aiki na sha ganin dattijo ya shigo da takarda a naɗe cikin leda, ya ciro ta daga aljihun gaba da hannu biyu, ya tsaya ya yi bayani mai tsawo, kakansa ne ya sare dajin, ga gawon da ke kan iyaka, ga shekarar yunwar da aka ba maƙwabci aron gefen gabas ya shuka, ga wanda aka aika da damin gero na godiya duk kaka, sai tafinta ya juya ya dunƙule duk wannan cikin jimla biyu. Damin geron nan kuwa shi ne shari'ar gaba ɗaya, dan shi ke raba aro da kyauta, in ya faɗi a hanya tsakanin bakin dattijo da alƙalamin garefiye, wato magatakardan kotu, toh gona ta tafi. Sau da yawa ma alƙalin yana jin Hausa sarai, amma abun da ke shiga rajista Faransanci ne, kuma rajistar ce za ta yi tafiya zuwa sama ba muryar dattijon ba. Kundin tafiyar da mulkin ƙasarmu da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ina roƙon Allah ya nuna mana ranar da wannan zai sauko har cikin rajistar kotu. Kai dai in an karanta muku abun da aka rubuta, ka nemi a fassara maka shi tsaf kafin kowa ya dangwala hannu.

In hukunci bai yi muku ba akwai apel, wato ɗaukaka ƙara, kuma wa'adinsa ƙidayayye ne, ranar da aka yanke hukunci a ranar za ka tambayi garefiye kwana nawa gare ku. Shekaru da yawa kotun ɗaukaka ƙara biyu ce tak a faɗin Nijar, ta Yamai da tamu ta Damagaram, mutumin Difa sai ya yo doguwar tafiya zuwa nan, daga baya aka ƙara ta Tawa. A matakin apel ana sake duba maganar daga tushe. Daga nan kuma in an haura Yamai labari ya canja, kotun can ba ta sake jin shaidu, ba ta tambayar gonar wa ce, abun da take dubawa kawai shi ne alƙalan ƙasa sun bi doka daidai ko ba su bi ba, in ba su bi ba ta rushe hukuncin ta mayar da shi a sake. Mutane da yawa suna sayar da dabba su tafi da zaton za a sake sauraronsu, su dawo da ɓacin rai. Wani abun kuma da muka gada, Faransa tun 1790 ta hana alƙalan jama'a taɓa aikin hukuma, dan haka hanya biyu gare su, in kai da ɗan uwanka ne ku ƙare a kotun Kasasiyo, in kai da gwamnati ne, an kore ka aiki ko an ƙwace maka fili, ku ƙare a Kwansai Deta wadda aka kafa a 1799. Tsarin mulkinmu na 2010 haka ya raba su, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka haɗe aikin biyun a Kotun Ƙasa guda. A Najeriya da Ingila babu wannan rabon, gwamna da ɗan dako hanya ɗaya suke bi.

Najeriya tarayya ce, kowace jiha da kotunanta, tarayya ma da nata. A ƙasa akwai majistare da kotunan shari'a ko na yanki, a Kudu kuma kotunan al'ada, sai babbar kotun jiha da babbar kotun tarayya, sai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar musulunci ƙarƙashin Girandi Kadi, amma duk inda ka faro a ƙarshe kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya za ka faɗa, daga ita sai kotun ƙoli a Abuja. Ma'ana hukuncin alƙalin Daura ma ba shi ne ƙarshe ba, shi ya sa tsarin mulkinsu ya ce lalle a samu aƙalla alƙalai 3 masana shari'ar musulunci a kotun ɗaukaka ƙara. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, jihohi 12 suka shigar da laifuka ƙarƙashinta, kuma a cikinta ma akwai gyara daga sama, ka tuna Amina Lawal da aka yanke wa jifa a 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ce ta sallame ta a Satumban 2003. Gaskiya a kotun farko sun fi mu, alƙali na kusa, da harshenka yake magana, ba sai ka ɗauki lauya ba. Inda suke shan wuya shi ne yawan kotunan da hurumi ke haɗa su faɗa, a shekara ana jayayya kan wace kotu ce ma ke da ikon jin maganar. Kai da kake zuwa Kano ai ka ga rigimar masarauta a watan Mayun 2024, babbar kotun tarayya ta ba da umarni, babbar kotun jiha ta ba da kishiyarsa, a gari ɗaya kan magana ɗaya. A tsarinmu na ƙasa ɗaya hanya ɗaya da wuya ka ga haka.

Ƙasashen musulmi ma ba bakinsu ɗaya ba. Saudiyya alƙalanta malaman fiƙihu ne, galibi kan mazhabar Hambaliyya, amma a 2007 Sarki Abdallah ya tsara musu hawa-hawa da kotun ƙoli da kotuna na musamman na kasuwanci da ƙwadago da iyali, ƙarar gwamnati kuma tana da gidanta daban, Diwanul Mazalim, kuma a 2022 suka rubuta dokar iyali mai lamba-lamba. Masar kuwa tun 1955 ta soke kotunan shari'a, ta mayar da aure da gado hannun alƙalan gwamnati suna hukunci da dokar da aka ciro daga fiƙihu.

Mutum 12 ɗin da kake gani a fim gaskiya ne, daga Ingila abun ya samo asali, talakawan gari ne ake zaɓowa da ƙuri'ar sa'a su saurari shaidu su ce ya yi ko bai yi ba, alƙali kuma ya kula da doka. Amma fim ba ya nuna maka cewa a Amurka sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi ba su taɓa tsayawa gaban mutanen nan ba, ciniki ake yi da mai gabatar da ƙara, ka amsa laifi a rage maka, kuma marar gata yakan amsa dan tsoron abun da ya fi. A Ingila ma mafi yawan ƙananan laifuka majistare ne ke gama su, da yawansu kuma ba lauyoyi bane, mutanen gari ne masu aikin sa kai ba albashi. Faransa tana da nata salon a manyan laifuka, alƙalai 3 da mutanen gari 6 su shiga ɗaki ɗaya su yanke tare. Najeriya duk da gadon Ingila ba ta aiki da su yanzu. Amurka kuma kotunanta ninki biyu ne, jihohi 50 kowace da nata tun daga ƙasa har ƙoli, tarayya da kotunan farko 94 da na ɗaukaka ƙara 13, kotun ƙoli mai alƙalai 9 kuwa ita ke zaɓen abun da za ta saurara, cikin dubban ƙararraki ba ta ɗaukar ko 100 a shekara.

Kai ɗan kasuwa ne, dan haka ka san wannan ma. Dokar kasuwancinmu ba tamu bace mu kaɗai, ta OHADA ce, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa ƙasashe 17, kuma rigimar da ta shafi dokokinta a ƙarshe Abijan take zuwa ba Yamai ba. Najeriya ba ta ciki, dan haka in za ka ƙulla babban ciniki da mutumin Kano a rubuta tun farko kotun ina za a je in an saɓa.

Saura babbar magana, wa ke iya ce wa mai mulki a'a. A Amurka tun 1803 kotun ƙoli ta ɗauki ikon soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki. Jamus bayan abun da ta gani a zamanin Hitila ta kafa kotu ta musamman a 1951, alƙalai 16, kowa shekara 12 ba ƙari, majalisu biyu ke zaɓensu kuma sai da kashi biyu cikin uku, wato jam'iyya ɗaya ba ta isa ta cika kotun da mutanenta ba, kuma talaka da kansa yana iya kai kukansa can. Ingila kuwa kotun ƙolinta ma sai 2009 aka kafa ta, kuma ba ta da ikon soke dokar majalisa, amma ba wanda zai ce alƙalansu ba su da ƴanci, kaga abun ba a takarda kaɗai yake ba. Mu ma mun gani da idonmu. A watan Yunin 2009 kotun tsarin mulki ƙarƙashin Fatimata Bazai ta ce ƙuri'ar raba gardamar tazarce ba ta bisa doka, kafin watan ya ƙare Shugaba Tanja ya rushe kotun, a Fabrairun 2010 sojoji suka karɓi mulki. Alƙalan sun yi nasu, abun da aka rasa shi ne wanda zai tsare musu kujera. A Kenya ranar 1 ga Satumban 2017 kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci kuma aka sake zaɓen, a Sanagal a Fabrairun 2024 majalisar tsarin mulki ta soke ɗage zaɓe kuma aka bi, aka yi zaɓen a Maris.

Duk wannan yana komawa ne kan yadda alƙali ya hau da yadda ake iya sauke shi. Amurka shugaban ƙasa ke zaɓa majalisar dattawa ta amince, alƙalin tarayya kuma ya zauna har mutuwa ko ya ajiye da kansa, ba mai taɓa shi in ba majalisa ce ta tsige shi kan babban laifi ba, sai dai naɗin ya zama fagen siyasa tsagwaronta. Jihohinsu da yawa ƙuri'a ake jefa wa alƙalai, Meziko ma ta gwada haka a Yunin 2025 har da kotun ƙoli, waɗanda suka fito zaɓen kusan kashi 13 cikin 100 ne, ni wannan hanya ba ta kwanta mini ba ko kaɗan, dan wanda ya yi yaƙin neman zaɓe da kuɗin wani gobe wannan wanin zai tsaya gabansa. Indiya manyan alƙalai ne ke zaɓen waɗanda za su biyo bayansu. Najeriya majalisar alƙalai ta ƙasa ke ba da suna, shugaban ƙasa ko gwamna ya naɗa. Kenya masu neman kujerar babban alƙali a bainar jama'a ake yi musu tambayoyi, ana nunawa a talabijin, wannan ya burge ni.

A namu gadon kuwa ba kora bace abun tsoro, canjin wurin aiki ne da ƙarin girma. Mai gabatar da ƙara dama a ƙarƙashin ministan shari'a yake, wannan a fili yake. Alƙalin da ke zaune kan kujera shi ne tsarin mulkin 2010 ya ce ba a gusar da shi, amma kuma wannan tsarin mulkin ya ce minista ke kawo sunansa, shugaban ƙasa ke naɗa shi, majalisar ƙoli ta alƙalai mai ba da shawara kuma doka ta ba shugaban ƙasar shugabancinta. Toh ka ɗauki saurayi mai ƙananan ƴaƴa a lakwal, matarsa na aiki a gari, ya san takarda ɗaya na iya kai shi can ƙarshen ƙasa da sunan buƙatar aiki, ga dosiyen wani babba a gabansa, ba sai an kira shi a waya ba, shi da kansa zai yi lissafi. Na san alƙalai masu tsoron Allah da suka yanke gaskiya a irin wannan hali suka ɗauki abun da ya biyo baya, amma bai kamata ƙasa ta jingina adalcinta kan jarumtar mutum ɗaya-ɗaya ba. Ita Faransar da muka kwaikwaya tun gyaran 2008 ta cire shugaban ƙasa daga shugabancin wannan majalisa, manyan alƙalai ke riƙe da ita. Duk ranar da aka zauna rubuta mana sabon tsarin mulki, wannan gyaran nake so in fara gani, tare da dokar da za ta ce ba a ɗauke alƙali daga kotunsa sai da yardarsa ko da laifin da aka tabbatar a kansa.